Kwantiragin da Ba a Rubuta Albashi Ba: Tarihin Zuwan Andre Dawson Shikago a 1987

A tarihin wasan besbol na Amurka, da wuya a sami cinikin ɗan wasa da ake yawan tunawa da shi kamar wanda aka ƙulla tsakanin Andre Dawson da ƙungiyar Cubs ta birnin Shikago a watan Maris na 1987. Kwantiragi ne na kaka ɗaya tak. Dawson ne ya kai kansa da ƙafarsa, ya miƙa takarda, ya bar gurbin albashi a buɗe, ya ce ƙungiya ta rubuta abin da ta ga dama. Ta rubuta dala 500,000, kusan rabin abin da yake karɓa a baya. Kafin shekarar ta fita an zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na gasarsa, ita kuwa ƙungiyar ta ƙare a can ƙasan teburin rukuninta. Har gobe masu nazarin wasan na ɗauko wannan ciniki duk lokacin da aka tayar da muhawara kan ko ɗaukar gogaggen ɗan wasa na shekara guda riba ce ko asara. Wanda ke son yin hukunci na adalci a kai, dole ya san yadda aka yi kaya mai daraja ya yi irin wannan araha, ya san abin da ƙungiyar ta samu, ya kuma san abin da ba ta samu ba.

Wasan da aikin mai tsaron bayan fili

A besbol, kowane ɓangare na da mutum tara a fili, ana kuma yin zagaye tara. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da kulki, sannan ya ruga ya bi zango uku ya dawo gida kafin a ba ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ya ɗaga ƙwallon ta haura katangar da ta kewaye fili, shi da duk abokan wasansa da ke tsaye a zangunan sai su shigo gida ba mai tare su. Wannan bugun tsallake katanga shi ne abin da 'yan kallo suka fi so.

Mutum uku daga cikin masu tsaro ne ke tsayawa can nesa kusa da katanga: na hagu, na tsakiya da na dama. Su ne masu tsaron bayan fili. Aikinsu gudu ne da cafe ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa, da kuma jifa mai ƙarfi zuwa zango don a tare mai gudu. Ana kuma sa ran su zama cikin manyan masu bugu na ƙungiya. Kaka ɗaya wasa 162 ce, a zamanin Dawson daga Afrilu zuwa farkon Oktoba, kusan kullum ana fili. Saboda haka jarin mai tsaron bayan fili ƙafafunsa ne, ranar da gwiwa ta gaza kuwa darajarsa ta fara sauka ke nan.

Shekarun Montreal

An haifi Dawson a birnin Miami na jihar Florida ranar 10 ga Yuli, 1954. Tun yana sakandare ya ji mummunan rauni a gwiwa wajen wasan ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, aka yi masa tiyata. Wannan ya sa manyan ƙungiyoyi ba su yi rububinsa ba. Ya tafi jami'ar Florida A&M, kuma sai a zagaye na 11 na zaɓen sababbin 'yan wasa na 1975 ƙungiyar Expos ta birnin Montreal a Kanada ta ɗauke shi. Bai ɓata lokaci ba. A ƙarshen kakar 1976 ya shiga babbar gasa, a 1977 aka zaɓe shi zakaran sababbin 'yan wasa na gasar National.

A shekarun da suka biyo baya ya zama ɗaya daga cikin 'yan wasa ƙalilan da suka haɗa komai: ƙarfin bugu, gudu, iya tsaro da ƙarfin hannu. Ya karɓi kyautar Safar Zinare, wadda ake ba fitaccen mai tsaro, sau shida a jere daga 1980 zuwa 1985. Sau biyu ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara, a 1981 da 1983. A 1983 ɗin ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 32, bugunsa ya shigar da maki 113. Ana yi masa laƙabi da Shaho.

Sai dai filin da yake wasa yana cin jikinsa a hankali. Tun 1977 Expos na wasa ne a babban filin da aka gina don wasannin Olamfik na 1976, wanda aka shimfiɗa masa ciyawar roba a kan daɓe mai tauri. Duk gudu, duk tirjewa, duk faɗuwa, gwiwa ce ke ɗauka. A 1984 aka ɗauke shi daga tsakiya aka mayar da shi dama, inda gudu bai kai yawa ba, a shekarar kuma bugunsa ya ja baya sosai. Ya zama mutumin da ke riga kowa zuwa fili don a naɗe masa gwiwoyi, ya kuma zama na ƙarshen tafiya saboda zaman ƙanƙara bayan wasa. A 1986 ya buga wasa 130, ya tsallakar da ƙwallo sau 20, ya shigar da maki 78. Wasa ne mai kyau, amma bai kai na da ba. Kwantiraginsa ya ƙare yana da shekara 32. Expos ta yi masa tayin shekara biyu a kan dala miliyan biyu, wato ƙasa kaɗan da abin da yake karɓa a shekara. Bayan shekara goma yana ba ƙungiya lafiyarsa, Dawson ya ɗauki tayin a matsayin raini. Ya ƙi, ya fita kasuwa neman ƙungiyar da ke wasa a kan ciyawa ta gaske.

Kasuwar da aka rufe

'Yancin da Dawson ya dogara da shi bai daɗe da samuwa ba. Kusan shekara ɗari, akwai wani sharaɗi a kwantiragin kowane ɗan besbol da ya ɗaure shi ga ƙungiyarsa har sai ta sayar da shi ko ta sallame shi. Curt Flood ya ƙalubalanci wannan sharaɗi har Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972. A Disamba 1975 ne mai sasanci Peter Seitz ya yanke hukunci a shari'ar Andy Messersmith da Dave McNally, ya karya sharaɗin. Daga 1976 aka amince cewa duk wanda ya yi shekara shida a babbar gasa, idan kwantiraginsa ya ƙare, yana da ikon zuwa inda aka fi biyansa. Masu bin ƙwallon ƙafa sun ga makamancin wannan sauyi a Turai bayan hukuncin Bosman na 1995. A cikin yarjejeniyar ta besbol an rubuta ƙarara cewa 'yan wasa ba za su haɗa kai wajen ciniki ba, ƙungiyoyi ma ba za su haɗa kai ba.

Albashi ya yi ta hauhawa, masu ƙungiyoyi suka yi ta kuka da asara. A Oktoba 1984 Peter Ueberroth, wanda ya shirya wasannin Olamfik na Los Angeles ya kuma fitar da riba, ya zama kwamishinan besbol. A tarurrukan masu ƙungiyoyi ya riƙa yi musu faɗa kan ɓarnar kuɗi da dogayen kwantiragi. Daga ƙarshen kakar 1985 sai kasuwa ta yi tsit. Kirk Gibson, wanda ya taimaka wa Detroit ta ci kofi a 1984, ya fita bai sami mai taya shi ba, ya koma gida. Abin ya yi kama da ranar kasuwa da dillalai suka haɗa baki a kara: mai rago ya zagaya duk rumfuna ba wanda ya ce masa nawa, har ya gaji ya koma wurin wanda ya fara yi masa tayin wulaƙanci.

Bayan kakar 1986 lamarin ya ƙara muni, domin manyan taurari ne suka fito. Jack Morris, mai jifan da ya fi kowa cin wasa a shekarun 1980, ya bi ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana tallar kansa, kowa ya kau da kai, ya koma Detroit. Bob Horner ya tattara ya tafi Jafan ya shiga Yakult Swallows. Tim Raines, abokin wasan Dawson wanda ya fi kowa kason samun bugu cikin fitowarsa a gasar National a 1986, bai sami tayin kirki ba. Akwai kuma wata doka da ta ƙara matse su: duk wanda bai daidaita da tsohuwar ƙungiyarsa ba zuwa 8 ga Janairu, ba zai iya komawa gare ta ba sai 1 ga Mayu. Ranar ta zo ta wuce, Dawson ba shi da ƙungiya.

Ambulan a Mesa

Wakilin Dawson shi ne Dick Moss, tsohon lauyan ƙungiyar 'yan wasa, wanda da bakinsa aka kare shari'ar Messersmith. Ya san dokar ciki da waje, ya kuma gane abin da ke faruwa. Dawson na son Shikago saboda dalilai bayyanannu. Filin Wrigley na Cubs, wanda aka gina a 1914, ciyawarsa ta gaske ce. A lokacin ba a sa masa fitilu ba, don haka duk wasannin gida da rana ake yi, shi kuwa ya daɗe da sanin cewa ya fi ganin ƙwallo da rana, kuma yakan yi bugu mai kyau duk lokacin da Expos ta ziyarci filin.

Ita ma Cubs tana bukatarsa. Ta ci rukuninta a 1984, amma a 1986 ta ci wasa 70 ta sha kashi a 90. Duk da haka babban manajanta, Dallas Green, ya yi ta nuna cewa ba ya bukata, yana cewa yana da wanda zai tsaya a dama, yana nufin Brian Dayett, ɗan wasan da bai taɓa riƙe gurbi na cikakkiyar kaka ba. 'Yan wasan ƙungiyar ba su ɓoye ra'ayinsu ba. Babban mai jifansu, Rick Sutcliffe, har ya yi tayin a cire dala 100,000 daga albashinsa a ƙara wajen ɗauko Dawson.

A farkon Maris, Dawson da Moss suka sauka a garin Mesa na jihar Arizona, inda Cubs ke atisayen share fagen kaka, ba tare da an gayyace su ba. Suka miƙa ambulan ɗauke da kwantiragin shekara ɗaya wanda ba a cike gurbin kuɗinsa ba, suka kuma sanar da 'yan jarida abin da suka yi. Green ya fusata, ya kira abin wasan kwaikwayo. Amma dabarar ta ɗaure shi. Ba zai iya cewa kuɗi sun yi yawa ba, tunda shi aka ba alƙalami. Idan kuma ya ƙi, magoya baya za su tambaye shi dalili, lauyoyin 'yan wasa kuma za su sami hujja a hannu. Bayan 'yan kwanaki ya rubuta dala 500,000, da ƙarin lada idan Dawson ya cika wasu sharuɗɗa. Adadi ne da zai nuna wa sauran masu ƙungiyoyi cewa Cubs ba ta ɓata kasuwa ba. Dawson ya riga ya ba da kalmarsa, ya karɓa.

Kakar 1987

Ya fara da sanyin jiki a makonnin farko, sannan ya kama wuta. Ranar 29 ga Afrilu, a wasa da ƙungiyar Giants, ya sami bugu a duk fitowarsa biyar, ciki har da mai kai shi zango ɗaya, da mai zango biyu, da mai zango uku, da na tsallake katanga, abin da ɗan wasa kan yi shekaru bai haɗa a wasa ɗaya ba. 'Yan kallon da ke zama a bencinan bayan katangar dama suka ɗauke shi nasu. Duk lokacin da ya fito ya nufi gurbinsa, sai su miƙe gaba ɗaya, su ɗaga hannuwa sama su rusuna. Mutum ne marar yawan magana, ba ya fara'a a fili, amma mutanen Shikago sun san labarin ambulan, sun kuma ga yadda yake gudu da gwiwoyin da aka sha yi wa tiyata.

Ranar 7 ga Yuli aka yi abin da ya kusa kawo ƙarshen komai. Cubs na karɓar baƙuncin San Diego Padres. Dawson ya tsallakar da ƙwallo a zagayen farko a hannun mai jifa Eric Show. Da ya dawo a zagaye na uku, Show ya saki ƙwallo mai gudu ta same shi a fuska. Ya faɗi rub da ciki, jini na zuba, fili ya yi shiru. Sutcliffe ya fito da gudu daga benci ya nufi Show, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka cakuɗe. Can sai Dawson ya miƙe, rigarsa jina-jina, shi ma ya bi Show, sai da aka fitar da mai jifan daga fili. An yi wa Dawson ɗinki 24. Wani matashin mai jifa na Cubs, Greg Maddux, ya rama ta hanyar jifan Benito Santiago, alƙalin wasa ya kore shi. Ba a yi kwanaki da yawa ba Dawson ya dawo fili, ya kuma buga wasan taurari na tsakiyar kaka a Oakland.

Watan Agusta ne ƙololuwa. Ya buɗe shi da tsallake katanga uku a wasa ɗaya da Philadelphia, ya rufe shi da 15 a watan. A lokacin ƙungiyar ta riga ta zame daga sahun gaba, koci Gene Michael ya ajiye aiki a Satumba, amma mutane ba su daina cika fili ba.

Ranar 27 ga Satumba aka yi wasan gida na ƙarshe, da St. Louis Cardinals. Ba wanda ya san ko Dawson zai dawo, tunda kwantiragin na shekara ɗaya ne. A zagaye na takwas ya fito bugunsa na ƙarshe, jama'a duk a tsaye. Mai jifa Bill Dawley ya wurgo, Dawson ya ɗaga ta ta haura katangar hagu, na 47 ke nan a kakar. Da ya koma gurbinsa a zagaye na tara, ya juya ya fuskanci mutanen bencin dama, ya ɗaga hannu ya rusuna musu kamar yadda suka yi masa tun bazara.

Ya kammala kakar da wasa 153, tsallake katanga 49, maki 137 da bugunsa ya shigar, ya kuma sami bugu a kashi 28.7 cikin ɗari na fitowarsa. A tsallake katanga da shigar da maki ba wanda ya kai shi a gasar National. Ya karɓi Safar Zinare ta bakwai. A Nuwamba marubuta wasanni suka zaɓe shi gwarzon shekara, a gaban Ozzie Smith da Jack Clark na Cardinals. Shi ne mutum na farko da ya sami wannan kyauta daga ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe.

Lissafin riba da asara

Ta fuskar kuɗi, babu gardama. Cubs ta sami gwarzon shekara a farashin matsakaicin ɗan wasa, ba ta kuma ɗaure kanta da alkawarin ko shekara ɗaya a gaba ba. Da gwiwar ta gaza a watan Mayu, asararta kaɗan ce. Wannan shi ne babban amfanin gajeren kwantiragi ga ƙungiya: kasadar tana wuyan ɗan wasa. 'Yan kallo sun haura miliyan biyu a Wrigley a shekarar, kamfanin Tribune mai ƙungiyar a lokacin kuma shi ne mai tashar talabijin ta WGN da ke nuna wasannin a faɗin Amurka, don haka ya ci riba ta hanya biyu.

Ta fuskar dacewa ma an yi daidai. Mutumin da ciyawar roba ta hana sakat ya sami ƙasa mai taushi, ya buga wasa 23 fiye da na 1986. Daga cikin 49 ɗin nan, 27 a Wrigley ya buga su. Dawson ya san abin da jikinsa ke bukata fiye da manajojin da ke ƙin sa.

Amma ta fuskar cin wasa, lissafin ya sha bamban. Cubs ta ci 76 ta sha kashi a 85, ƙarin nasara shida kacal a kan 1986, Cardinals ta ba ta tazarar wasa 18 da rabi. Ciwon ƙungiyar ba a bugu yake ba. Ta fi kowa tsallake katanga a gasar, amma masu jifanta sun bar abokan hamayya sun ci maki fiye da yadda ita ta ci. Ban da Sutcliffe da ya ci wasa 18, sauran ba su tsaya da ƙafarsu ba. Maddux, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jifa a tarihi, a lokacin ɗanye ne, ya ci 6 ya sha kashi a 14. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita kuwa Expos da ta rabu da Dawson ta ci wasa 91 a shekarar. Raines ya koma mata a farkon Mayu ba tare da ya yi atisaye da ƙungiya ba, kuma duk da rasa wata guda ya fi kowa shiga gida da maki a gasar.

Akwai kuma abin da masu lissafi na baya suka fito da shi, kuma gaskiya ne. Shekarar 1987 shekara ce da ƙwallo ta yi ta tsallake katanga a ko'ina. Mark McGwire, sabon shiga a ɗaya gasar, shi ma 49 ya buga. Dawson ba mai haƙurin jiran jifa ba ne. Sau 32 kacal ya sami wucewa zangon farko kyauta saboda kuskuren mai jifa, alhali Clark ya samu sau 136. Idan aka haɗa komai, yana isa zango ne a kashi 32.8 cikin ɗari na fitowarsa, wanda bai wuce na matsakaicin ɗan wasa ba. Ma'aunin zamani da ke ƙiyasta nasarorin da mutum ya ƙara wa ƙungiya ya ba shi kimanin huɗu, ya ba Tony Gwynn na San Diego fiye da takwas. Don haka ana iya cewa akwai waɗanda suka fi shi cancantar kyautar. Wannan bai rage darajar cinikin ba. Ɗan wasan da ya ƙara nasara huɗu, ya cika fili da mutane, a kan rabin albashinsa, ciniki ne da kowane manaja zai yi fatan samu.

Ranar mai kaya

Tambayar da ta fi nauyi ita ce me ya sa farashin ya faɗi haka. Amsar ta fito tun kafin kakar ta ƙare. Ranar 21 ga Satumba, 1987, kwana shida kafin wasan ƙarshe na Wrigley, mai sasanci Thomas Roberts ya yanke hukunci cewa masu ƙungiyoyi sun haɗa baki bayan kakar 1985, sun karya yarjejeniya. A Janairu 1988 ya sake ba wasu 'yan wasa bakwai 'yancin fita kasuwa. Gibson na cikinsu. Ya koma Los Angeles Dodgers, ya zama gwarzon shekara, ya kuma ci kofi da su a wannan kakar. Ranar 31 ga Agusta, 1988, wani mai sasanci, George Nicolau, ya yanke irin wannan hukunci kan kasuwar bayan 1986, wadda ta rutsa da Dawson da Raines da Morris. Hukunci na uku ya biyo baya a 1990. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyoyi 26 suka amince su biya 'yan wasa diyyar dala miliyan 280, wato fiye da miliyan goma a kan kowace ƙungiya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Idan aka sa wannan a ma'auni, arahar da Cubs ta samu ba daga basirar manajanta ta fito ba. Green bai nemi Dawson ba, ƙin sa ya yi ta yi har aka ƙure shi. Kuma kason da ƙungiyar ta biya na diyya ya ninka abin da ta rage a albashin Dawson sau da yawa. Green kansa ya bar muƙaminsa a Oktoba 1987 bayan saɓani da masu kamfanin.

Shi kuwa Dawson, kasadar da ya yi ta biya shi. A 1988 albashinsa ya tashi zuwa dala miliyan 1.85. Zaman shekara ɗaya ya zama na shekara shida, har zuwa 1992. A cikinsu an zaɓe shi wasan taurari sau biyar a jere, ya tsallakar da ƙwallo sau 174 da rigar Cubs. A 1989 ƙungiyar ta ci rukuninta, sai dai gwiwa ta dame shi a shekarar, bai taɓuka abin kirki ba a wasannin da Giants ta fitar da su. Daga nan ya yi shekara biyu a Boston, ya yi biyu a Florida Marlins ta garinsu, ya yi ritaya a 1996 da tsallake katanga 438 da satar zango 314, wato rugawa zango na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba. A lokacin, shi da Willie Mays ne kaɗai suka haɗa 400 da 300 a waɗannan fannoni biyu. A 2010 aka shigar da shi zauren tunawa da gwarzayen besbol da ke Cooperstown. Ya so a zana shi da hular Cubs, masu zauren suka zaɓi ta Expos, ƙungiyar da ya fi daɗewa a ciki, wadda ta riga ta bar Montreal ta koma Washington bayan kakar 2004.

Hukunci

Duk wanda zai auna ɗaukar ɗan wasa na gajeren lokaci, tarihin 1987 ya ba shi abin dubawa. Ya fara bincikar dalilin arahar, ko rauni ne, ko tsufa, ko kuwa an danne kasuwa. Ya duba ko wurin ya dace da jikin ɗan wasan da salon wasansa. Sannan ya duba ko gurbin da aka cike shi ne inda ƙungiya ke zubar da wasa. A dacewa, Cubs ta yi sa'a ƙwarai. A gyaran ƙungiya, ta sayi bugu alhali jifa take bukata, shi ya sa ba ta motsa daga ƙasa ba. A kan araha kuwa, ta ci ribar zaluncin da ita ma tana cikin masu ƙulla shi, kuma ta biya daga baya.

Saboda haka yabon wannan ciniki na Dawson ne da wakilinsa. Su ne suka zaɓi fili, suka ɗauki kasada, suka tilasta wa ƙungiya ta karɓi alherin da take gudu. Cubs ta sami ɗaya daga cikin mafi kyawun kwantiragin shekara ɗaya a tarihin besbol, amma bai kamata wata ƙungiya ta ɗauke shi abin koyi ba, domin farashin da aka rubuta a takardar nan ba na kasuwar gaskiya ba ne.